Yadda Ake Harhaɗa Manhaja Mai Zaman Kanta Da Taskar ROOT

Masana kimiyyar fiziks da ke nazarin ƙananan ƙwayoyin zarra sun daɗe suna dogaro da ROOT, taskar manhaja da René Brun da Fons Rademakers suka fara ginawa a tsakiyar shekarun 1990 a cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Janiba a kan iyakar Suwizalan da Faransa. An yi amfani da ita wajen tantance bayanan da suka kai ga sanar da gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yuli, 2012.

Da harshen C++ aka rubuta ROOT. Galibin ɗalibai suna farawa ne da gajerun umarni da suke miƙa wa tafintan da ke cikinta, wato Cling, wanda ya maye gurbin CINT a fitowa ta 6 a shekarar 2014. Tafintan yana rage wa ɗalibi wahala, domin da kansa yake nemo sassan taskar da umarnin ke buƙata.

Amma idan bayanai suka yi yawa, ko za a tura aikin ga manyan kwamfutocin bincike, an fi son manhaja mai zaman kanta wadda aka riga aka harhaɗa, domin ta fi sauri. A nan ne umarnin da ya yi aiki jiya yake ƙi yau, saboda abin da tafinta ke yi a ɓoye ya dawo wuyan mai rubutu.

Da farko, dole manhajar ta samu mafari mai suna main, kuma a ambaci kowane sashe da aka ara, kamar TH1F.h ko TFile.h, a saman rubutun.

Na biyu, sai an nuna wa na'urar harhaɗawa inda taskar take. Wani ƙaramin umarni mai suna root-config ne ke bayar da wannan bayani:

g++ nazari.cxx -o nazari $(root-config --cflags --libs)

Jerin kalmomin yana da muhimmanci. Idan sunayen sassan taskar suka rigayi sunan fayil ɗin, ana iya samun saƙon "undefined reference" ko da komai yana wurinsa. Haka kuma --cflags yana tabbatar da cewa an yi amfani da nau'in C++ ɗin da aka gina ROOT da shi.

Na uku, manhajar tana sake neman taskar duk lokacin da aka kunna ta. Shi ya sa ake fara loda fayil ɗin thisroot.sh, wanda ke nuna mata hanya.

Mai son ganin zane a kan allo sai ya haɗa da TApplication, in ba haka ba manhajar za ta kammala ba tare da zanen ya tsaya ba. Ga babban aiki mai fayiloli da dama kuwa, masu kula da ROOT suna ba da shawarar amfani da CMake.