Cinikin Mota a Ƙasar Mafara: Bakanike Ne Ke Yanke Hukunci

Ranar Talata, wadda garin Talata Mafara ya ci sunan kasuwarta, hanyar Gusau zuwa Sakkwato takan cika tun da hantsi. Motoci na kwararowa daga Ruwan Gizo da Jangebe da Bakura da Maradun, an danƙara buhunan shinkafa da albasa a but har murfin ya ƙi rufuwa sai da aka ja shi da igiya, fasinja biyu a kujerar gaba, huɗu a baya. A gefen wannan kasuwa ta hatsi da dabbobi akwai wata da ba ta da rumfa, ita ce ta motocin kansu. Ana cinta a bakin tasha, da gaban gareji, da inuwar mai faci, ta bakin dillalai da 'yan kamasho waɗanda suka san wace mota mai ita ya gaji da ita, wace kuma aka sake wa inji bara. A nan ne kuma samari kan haɗa kai a kan waya guda suna gardamar motocin tsere: ko Toyota ta kyauta da ta dawo da Supra a 2019 da injin BMW a cikinta, ko Volkswagen za ta mayar da Golf ta lantarki, ko wace ce ta fi wata gudu. Wasu dattawa na ganin wannan hira ɓata lokaci ce. Ni a ganina hirar tana da tushe, tambayar da ake yi a cikinta ce ta kauce.

Tushen nata shi ne, abin da kamfani ya ƙera yau a Jamus ko Japan shi ne abin hawanmu nan da shekara ashirin. Golf 3 da ta mamaye tashoshin Zamfara da Sakkwato da Katsina an fara ƙera ta a 1991, mai dogon bayan kuma, wadda direbobi suka fi so saboda lodi, ta fito a 1993. Wanda ya zana ta magidancin Turai ya yi wa, bai taɓa jin sunan madatsar Bakolori ba, wadda aka kammala a 1978, balle ya san motarsa ce za ta riƙa kwaso amfanin noman ranin da ruwanta ke shayarwa. Ta gama aikinta a can, aka loda ta a jirgin ruwa daga tashoshi irin su Antwaf ta Beljiyam, ta sauka Kwatano, ta ratso Nijar ta Gaya da Dosso, ta shigo ta Illela ko Jibiya. Daga nan sunayen Beljiyam da 'yar Kwatano, da ake kiran gwanjon motoci da su, suka samo asali. Wannan hanya ma ta ƙuntata: gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, aka rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, a shekarar da darajar naira ta zube. Shi ya sa cinikin ya koma kan ta hannu, motar da ta riga ta sha hanya a gida, tana fita daga hannun wannan direba zuwa na wancan.

Duk mai son sanin abin da ke da daraja a wannan kasuwa, ya tsaya ya kalli yadda ake duba mota. Mai saye ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa yake tafe, kuma ya fi so a tayar da ita da sanyin safiya kafin inji ya ɗau zafi ya ɓoye cutarsa. Bakanike zai zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, ya buɗe lagireto ya ga ko mai ya gauraya da ruwa, ya sa a taka totur shi yana baya yana kallon kalar hayaƙin salansa. Zai ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa ya ji inda aka cike da fila aka rufe da fenti, sannan ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙasa yana neman tabon walda. Bayan haka sai takardun kwastan, don mota marar duti wahala ce a kowane shinge. Sai an gama wannan duka ake taya kuɗi, a ja, a kai ga sallamawa, dillali ya karɓi la'adarsa. A tsawon wannan bincike babu mai tambayar gudun kilomita nawa take yi. Abin da ake tambaya shi ne buhu nawa take ɗauka, lita nawa take sha zuwa Gusau ta dawo, kuma in giyarta ta lalace, za a samu wata a gari ko sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano.

Tarihi ma ya goyi bayan wannan ma'auni. Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta yi sarauta a hanyoyin Arewa domin tana da tsayin ƙafa, tana jure gargada, kuma kayan gyaranta na kowane lungu. Da naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, gwanjon Turai ya cike gurbin. A cikin gwanjon ma, ba waɗanda suka fi kyau ne suka zauna ba, waɗanda makanikai suka laƙanci cikinsu ne: Golf da Sharan a haya, Corolla a gidan ma'aikaci, Hilux a hannun gwamnati da jami'an tsaro, Canter a ɗaukar kaya.

Za a ce bakanike ai koyo yake yi, kamar yadda ya bar kafireto ya kama nozul, don haka motocin kwamfuta da na batir ma zai iya da su. Gaskiya ne ya koya, amma sai da kayan gyara suka yawaita suka yi araha, kuma wancan sauyi bai buƙaci komai daga gari ba sai fetur. Motar lantarki tana buƙatar wuta tsayayya, abin da garuruwan Zamfara ba su da tabbacinsa. Hujja mafi ƙarfi ga masu goyon bayan sababbin motoci ita ce ta mai. Tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, tsohon inji mai zuƙar mai kuwa yana cinye ribar direba. Mota mai haɗa fetur da batir za ta rage masa wannan. Amma ragin ba ya amfanar wanda motarsa ta yi sati uku a gareji ana jiran wani ɗan akwatin kwamfuta daga Legas. Sannan a wannan yanki lalacewar mota a hanya ba asarar lokaci kaɗai ba ce. Mutanen da suka ga sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, suka ga rufe kasuwannin mako da katse layukan waya a Satumban shekarar, sun san abin da ake nufi da mota ta mutu a daji bayan la'asar. Direba zai zaɓi wadda zai iya tayarwa da sukundireba da guntun waya.

Ba yabon tsohuwar mota nake yi ba. Golf mai shekara talatin, da tayoyin gwanjo da lodin da ya wuce kima, tana cin rayuka, kuma tana ƙarewa: masana'anta ta daina yin ta tuntuni, ana ta yanka wasu don a rayar da wasu. Abin da zai gaje ta yana kan titunan Turai yanzu, cike da na'urori. Don haka samarin da ke bin labarin kamfanoni su ne suka fi cancanta su tambayi abin da ya shafe mu: wace ce a cikin jerin motocin yau za ta ɗauki buhu ta bi hanyar Maradun da damina, kuma me kamfanin Dangote da ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 2022 ya tanadar wa direban haya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan cikin Talata Mafara. Kamata ya yi ita da ƙungiyar makanikai su zauna su tsara gajeren horo ga yaran gareji, da Hausa, a kan na'urar gano cutar mota da gyaran batir, tun kafin motocin su cika tasha.