Aikin Sa Kai a Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya

Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya ta samu gindin zama ne da dokar majalisa a shekarar 1960, kuma tana da rassa a jihohi 36 da Abuja. Mafi yawan aikinta 'yan sa kai ne ke yin sa, ba ma'aikatan albashi ba.

Mai son shiga yakan yi rajista a reshen jiharsa ko na ƙaramar hukumarsa. Abin da ake fara koya masa shi ne agajin gaggawa: tsayar da zubar jini, ɗaure karaya, farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da ɗaukar mai rauni ba tare da an ƙara masa ciwo ba. Wannan horon shi ne jigon aikin, domin wanda ya yi haɗarin mota sau da yawa a mintunan farko ake ceto shi ko a rasa shi.

Daga nan aikin yakan rabu. Wasu suna bin gida-gida suna wayar da kai kan kwalara da rigakafin yara. Wasu suna taimakawa wajen sada iyalan da rikici ya raba, musamman a Arewa maso Gabas. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ambaliya ta mamaye Maiduguri, 'yan sa kai na cikin waɗanda suka kwashe mutane zuwa sansanoni.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne rashin nuna bambanci: ɗan sa kai ba ya tambayar addini, ƙabila ko jam'iyyar wanda yake taimaka wa.