Tsofaffin Hanyoyi Da Gadoji: Aiki Ga Malaman Makaranta

Matafiyin da ya taso daga Kano zuwa Kura a yau yakan haye kogin Calawa a kan gadar Tamburawa cikin ƙiftawar ido. A zamanin da kuwa, in damina ta yi nisa, fatake masu ɗauke da baƙaƙen rawunan Kura sai su sauke kaya a bakin gaɓa, su jira masu fito. Dattawa sun san kowace mashiga da sunanta, sun san gurbin da aka ce na 'yan ruwa ne, da tsamiyar da ba a sarewa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk tatsuniya ce. Gurbin da aka ce akwai aljanu galibi shi ne mai zurfi, mai cin mutane. Haka kuma a bakin tsofaffi ake jin labarin ɗiban gwamna, watau aikin tilas, wanda iyayensu suka sha wajen haƙar hanya da ɗaukar ƙasa a ka. Sunayen waɗannan bayin Allah ba su shiga takardun ofis ba.

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ja magudanai ta Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasar ta sake kama. Burtali ya zama gonar shinkafa, masu sanin labarinsa kuma suna ta ƙarewa.

Mutanen ƙasar Ailan sun hango irin wannan hasara. Daga 1937 suka sa yara fiye da 50,000, a makarantu 5,000, su rubuto abin da kakanninsu suka sani. A ciki akwai labarin gadoji, da hanyoyin da mayunwata suka gina a 1846 da 1847 don su sami na abinci. Littattafan suna nan ajiye a Dublin. Har a 1999, da sabuwar hanya ta biyo ta kan wata bishiya da ake cewa ta aljanu ce a lardin Clare, sai aka bar ta a tsaye, hanya ta wuce ta gefenta.

To, malamai, wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Kowane yaro a ba shi tambaya uku: Ina tsohuwar hanya ta bi? Wa ya gina gadar garinku? Me ake faɗi a kanta? Ya rubuto da sunan wuri, malami ya tara, magatakarda ya adana. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa mu dace, amin.