In moto ya sake murya

Ƴan'uwa manoma, kahin moto ya lalace, yakan sake murya. Ku saurare shi.

In kun ji kwal-kwal wajen tayar baya, galibi sarƙa ce ta saki. A ja ta, a bar mata wasan santimeta 2 zuwa 3. In ko bugu mai nauyi ne cikin inji, a kashe nan take, a duba mai, a nemi makanike.

Abin da na fi gani a karkara shi ne ambiriyaj. An ɗora buhun hatsi, an shiga rairayi, inji na ta kuka, moto ba ya ja. Sau da yawa waya ce ta yi tsauri. Ku taɓa hannun ambiriyaj, na hagu: bakinsa ya yi wasa milimeta 10 zuwa 20, kamar faɗin yatsa, kahin ya yi ƙarfi. In babu wasa, a sassauta zoben da ke gindin hannun, a murɗa kusar ciki, a sake ɗaurewa. In wasan ya yi yawa, sa giya na ƙara, moto na jan jiki a tsaye: a murɗa waje.

In an gyara bai daina ba, diski sun cinye. Wannan aikin makanike ne.