Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Kimiyyar Hawan Dutse Cikin Ƙungiya

Gabatarwa

A kudu maso yammacin ƙasar Afirka ta Kudu, a bakin teku, akwai babban birni mai suna Kef Tawun, wanda mazaunansa sun haura miliyan 4. Birnin ya rungumi wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda saboda siffarsa ake kiransa Dutsen Tebur. Ƙololuwarsa ta ɗara teku da mita 1,086, kuma mutumin da ke tsakiyar gari yana iya karyawa a gida, ya shiga mota, kafin rabin sa'a ya iske kansa a gindin dutsen. Wannan kusanci shi ne daɗin abin, shi ne kuma haɗarinsa, domin wanda ya saba ganin dutse ta tagar ɗakinsa yakan raina shi. Kowace shekara masu aikin ceto suna sauko da mutanen da suka ɓata hanya, ko suka karye, ko zafi ya galabaitar da su, wani lokaci ma gawa suke saukowa da ita.

Saboda haka ne da yawa daga cikin masu sha'awar doguwar tafiyar yini a kan dutsen suke shiga ƙungiyoyi. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa ita ce Ƙungiyar Masu Hawan Dutse ta Afirka ta Kudu, wadda aka kafa a birnin a shekarar 1891, kuma 'ya'yanta na cikin masu aikin ceto na sa kai. Sabon shiga irin waɗannan ƙungiyoyi yakan tarar da dokoki iri-iri: a tashi da asuba, a ɗauki ruwa kaza, a sa rigar sanyi a jaka ko da rana na ƙuna, kada a wuce na gaba, kada a bar na baya. Abin da za mu duba a nan shi ne dalilin kimiyya da ke bayan waɗannan dokoki.

Dutsen da Hanyarsa

Saman Dutsen Tebur dutsen yashi ne mai tsananin tauri, wanda ya samu daga yashin da ya taru ya danne juna fiye da shekaru miliyan 400 da suka wuce. Taurin nan ne ya sa gefensa ya tsaya cak kamar katanga. A tsakiyar katangar akwai wani tsagi da ake kira Platteklip, kuma ta nan ne wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Fotugal, António de Saldanha, ya hau a shekarar 1503, hawan farko da aka rubuta labarinsa, ko da yake mutanen Khoi da San sun daɗe da sanin dutsen kafin zuwansa. Hanyar tsagin ba ta wuce kilomita 3 ba, amma a cikin wannan ɗan taƙi mutum zai ɗaga sama kimanin mita 700, a kan matakan duwatsu, a wuri mai ƙarancin inuwa.

Kilomita 3 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tafiyar minti 36 ce. To, yaya ake lissafin lokaci idan hanya ta miƙe sama? A shekarar 1892 wani mahayin dutse ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya ba da wata ƙa'ida mai sauƙi: a ware sa'a ɗaya ga kowace kilomita 5, sa'an nan a ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Bisa wannan lissafi, mita 700 za ta ci minti 70, in an haɗa da minti 36 an sami sa'a ɗaya da minti 46. Wannan kuwa ga ƙaƙƙarfan mutum ne wanda bai tsaya hutu ba. Ƙungiya mai mutane daban-daban takan ci sa'a biyu zuwa uku, kuma shugaban tafiya da saurin mafi rauninsu yake lissafi.

Aikin da Jiki Ke Yi

Ɗalibin kimiyyar fiziks ya san cewa aikin ɗaga kaya daidai yake da nauyinsa sau ƙarfin jan ƙasa sau tsawon da aka ɗaga shi. Alal misali, a ce mutum da jakarsa sun kai kilogiram 60. Sai mu ce 60 sau 10 sau 700, wato jul 420,000, ko kilojul 420. Amma tsokar ɗan Adam ba ta mayar da dukkan makamashin da ta ƙona ya zama motsi. Idan ta ƙoƙarta, kashi ɗaya cikin huɗu take mayarwa, saura kuwa ya zama zafi. Ke nan jikin wannan mutum zai ƙona kimanin kilojul 1,680, daga ciki kilojul 1,260 zafi ne zalla.

Mai karatu ya lura da girman wannan adadi. Kimanin kilojul 210 ya isa ya ɗaga zafin jikin mai kilogiram 60 da digiri ɗaya. Da a ce jiki ba shi da hanyar fitar da zafi, da mutumin nan ya tashi daga digiri 37 zuwa 43 kafin ya kai sama, alhali daga digiri 40 ƙwaƙwalwa take fara rikicewa, rai ya shiga haɗari. Abin da ke ceton sa shi ne gumi. Idan lita ɗaya ta gumi ta bushe a kan fata, takan tafi da zafi kimanin kilojul 2,400. Gumin da ya ɗiga ƙasa bai bushe a jiki ba kuwa, asara ce kawai.

Zuciya ma tana da nata kason wahalar. A zaune takan harba jini kimanin lita 5 a minti ɗaya, amma a kan hawa mai tsanani tana iya kai lita 20, domin dole ta kai wa tsokokin ƙafa iskar oksijin, ta kuma kai jini fata don ya huce. Wasu kan ɗauka hakin da suke yi a irin wannan dutse ƙarancin iska ne. Gaskiya ne nauyin iska a mita 1,000 ya ragu da kimanin kashi 11 cikin ɗari, amma ciwon da ƙarancin iska ke kawowa yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa. A Dutsen Tebur, nauyin aikin ne ke sa haki. Shi ya sa gogaggun 'yan ƙungiya suke da wani ma'auni mai sauƙi: wanda ba ya iya faɗin jimla guda ba tare da yanke numfashi ba, ya rage sauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Ruwa, Gishiri da Guzuri

A rana mai zafi mai hawan dutse yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a cikin sa'a guda. Idan ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, wato lita 1.2 ga mai kilogiram 60, jini yakan ragu, bugun zuciya ya ƙaru, ƙarfi ya fara karyewa, tunani ma ya yi rauni. Wannan ne dalilin dokar ɗaukar ruwa lita biyu ko fiye, da kuma dokar sammako, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ake bazara a can kudu. Amma gumi da gishiri yake fita. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla fiye da kima ba tare da ya ci komai ba, yana iya tsarma gishirin jininsa, wannan ma cuta ce mai kisa. Abin da ya dace shi ne a riƙa kurɓa gwargwadon ƙishi, ana haɗawa da ɗan abinci.

Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka a siffar wani sinadari mai suna gilaikojin, kimanin rabin kilogiram ga babban mutum. Tafiya mai tsanani ta sa'o'i da yawa tana cin wannan ajiya, kuma idan ta yi ƙasa sai ƙafa ta yi nauyi, jiri ya biyo baya. Dabino, ayaba, burodi da gyaɗa mai gishiri, ana ci kaɗan-kaɗan a kowane zango, sun fi a jira a kai sama a ci da yawa.

Mayafin Tebur

Sabon shiga yakan yi mamakin a ce ya ɗauki rigar sanyi alhali gari na zafi. Dalili shi ne, a matsakaicin lissafi, zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000. Wannan ne ma ya sa Jos ta fi Kano sanyi. Ke nan idan cikin birni digiri 25 ne, a kan dutsen bai wuce 18 ko 19 ba, tun kafin a sa iska cikin lissafi.

Iskar kuwa ba ta wasa ba ce. A lokacin bazara wata ƙaƙƙarfar iska tana busowa daga kudu maso gabas, ɗauke da danshin teku. Idan ta ci karo da dutsen sai ta hau, ta yi sanyi, danshin ya zama farin gajimare wanda ke shimfiɗuwa a saman dutsen yana kwarara ta gefensa. Mutanen gari suna kiransa mayafin tebur. Daga ƙasa abin sha'awa ne, amma wanda ke cikinsa ba ya ganin abin da ya wuce 'yan taku, a wurin da kuskuren hanya ke kai mutum bakin rami mai zurfin ɗaruruwan mitoci. Daɗin daɗawa, rigarsa ta jiƙe da gumi, ruwa kuwa yana janye zafi fiye da iska kusan sau 25. Da zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, sai makyarkyata da ruɗewa. Wato mutumin da zafi ya kusa kayarwa da hantsi, sanyi na iya kayar da shi da la'asar.

Tun shekarar 1929 akwai motar igiya mai kai mutane saman dutsen ta sauko da su, kuma da yawa sukan hau da ƙafa da niyyar saukowa a cikinta. Amma idan iska ta yi ƙarfi rufe ta ake yi. Don haka ƙungiya mai tsari ba ta tashi sai da lokaci, da ruwa, da tocilar da za su ishe ta saukowa da ƙafa.

Saukowa

A wajen saukowa zuciya na hutawa, amma tsokar cinya ta shiga wani sabon aiki, wato aikin birki: tana riƙe nauyin jiki alhali tana miƙewa. Irin wannan aiki yana jawo 'yan ƙananan yagewa a zaren tsoka, shi ne tushen ciwon jikin da ke tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku. An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadarin laktik, amma bincike ya nuna wannan sinadari yakan gushe daga jini cikin sa'a ɗaya ko makamancin haka. Gajiyayyar tsoka ba ta saurin gyara taku, ga hankali ya kwanta cewa an gama, shi ya sa zamewa da targaɗe suka yawaita a hanyar dawowa. Abin farin ciki, tsokar da ta sha wannan wahala sau ɗaya takan fi jurewa a karo na gaba.

Tsarin Ayari

Tafiyar ƙungiya tana kama da ayarin fatake na da. Akwai madugu wanda ya san hanya, ya duba hasashen yanayi, ya kuma sanya lokacin juyowa, wato sa'ar da za a koma ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Akwai gogaggen mutum a can baya wanda ba ya barin kowa a bayansa. Akan ƙirga mutane a kowane zango, akan kuma bar wa wani a gari bayanin hanyar da aka bi da lokacin dawowa. Masu kula da dutsen suna ba da shawarar a tafi mutum huɗu: idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Yawa kuma kariya ce daga 'yan fashin da kan tare masu tafiya su kaɗai a wasu hanyoyin.

Babban amfanin ayari kuwa yana da alaƙa da ƙwaƙwalwa. Zafi, sanyi da ƙarancin sukari duk tunani suke fara taɓawa, saboda haka wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen ganewa. Abokin tafiya ne zai lura cewa wane ya yi shiru, ko yana tangaɗi, ko maganarsa ta daina haɗuwa.

Sabon Shiga

Ƙungiyoyi sukan kasa tafiye-tafiyensu gwargwadon nisa, hawa da wuyar hanya, su kuma nemi baƙo ya fara da mai sauƙi. Jiki yana buƙatar makonni kafin zuciya ta ƙara yawan jinin da take harbawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a tsoka. Sabawa da aiki cikin zafi ma takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Hawa da saukar matakan bene da jaka a baya, sau uku a mako, shiri ne mai kyau. Wajibi ne baƙo ya gaya wa madugu gaskiya game da ƙarfinsa, da duk wata larura kamar asma, ciwon sukari, sikila ko ciwon zuciya, bayan ya nemi shawarar likita. Wanda ya ɓoye rauninsa don kunya, ayarin duka ya jefa cikin wahala.

Kammalawa

Malamin kimiyya na iya kai wannan darasi fili ba tare da tsada ba. Ɗalibai su auna tsawon benen makaranta ko wani tudu da ke kusa, su lissafa aikin da kowa ya yi gwargwadon nauyinsa, su ƙirga bugun zuciya kafin hawa da bayansa, su gwada lokacinsu da ƙa'idar Naismith. Makarantar da ke son kafa ƙungiyar hawan dutse kuwa, ta fara da neman wanda ya san hanya da izinin mutanen wurin, ta kuma guji lokacin da hadari ke haɗuwa, domin tsawa ta fi faɗa wa wuri mai tudu. A tashi da sassafe, a tafi da saurin na baya, a juyo a kan lokaci.