MUN IYA CINIKIN SA, SAURA HIRA DA ƊA

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashin dabbobi da ta takardun kan iyaka, mu taɓa wani kuka da ya yi yawa a bakin iyaye a nan Zongon Lome. Duk majalisar da mutum ya zauna bayan la'asar sai ya ji wani yana cewa yaronsa ya kai shekara 15 ko 16, magana ta ƙare tsakaninsu. Da safe ya durƙusa ya ce, "Baba ina kwana," da dare ya ce, "Baba sannu da dawowa," shi ke nan an gama. Abin da ke cikinsa kuwa, abokansa sun sani, wayarsa ta sani, uban ne na ƙarshen ji. Wani sai ran da aka ce masa yaron ya bar lakwal ya karɓi babur yana zemijan, wani sai an tsinci tiramadol a aljihun wando, wani kuma sai an bugo masa waya daga Agadas.

Kafin a ɗora wa yaran yau laifi, ya kamata a tuna yadda mu aka yi da mu. Iyayenmu ma ba masu yawan magana ba ne, amma aiki yana haɗa mu da su. Yaro yana zaune a bakin zauren maigida yana kawo wa baƙi ruwa da abinci, yana jin yadda ake shirya mutum biyu da bashi ya shiga tsakaninsu. Yana bin uba kara, yana riƙe igiya, yana ganin yadda ake duba haƙorin sa. A cikin wannan kai da kawowa ne magana take fitowa ba tare da an neme ta ba. A shekarar 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari aka maido mu nan, wajen kilomita 15 arewa da birni. Yanzu shanu a mota suke saukowa, uba ya hau hanyar Sinkase mai tsawon fiye da kilomita 600, ya yi kwanaki, ko kuwa ya yini a kasuwar Adetikope. Yaro kuma yana lakwal da Faransanci, a titi yana jin Mina, da dare ga waya. Wato aikin da ke haɗa uba da ɗa ya ragu, kuma ba a sa wani abu a gurbinsa ba.

Sai kuma kunya. Kowa ya san Bahaushe ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya sakin fuska da shi a gaban mutane. Wannan al'ada ce mai kyau, ba mu ce a yar da ita ba. Amma fa a da tana tafiya da abokan tafiyarta: ga kaka da ake wasa da ita, ga kawu, ga gwaggo, duk a gida ɗaya, abin da yaro ya kasa faɗa wa uba sai ya bi ta bakinsu. Yau gidaje da yawa kakar tana Maradi ko Sakkwato, kawun yana Kwatano ko Ankara. Kunyar ta tsaya, masu kai saƙon sun watse. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin mamaki shi ne, a duk garin nan babu wanda ya fi mu sanin yadda ake janyo magana daga cikin mutum, domin da ita muke ci. Bafulatani ya zo da bajiminsa, ba mai faɗa masa da tambayar kuɗi. Sai an gaisa, an tambayi hanya da ruwa da makiyaya, an ba shi wurin zama. Dillali yakan ɓata sa'a biyu a kan sa ɗaya bai gaji ba. Mutumin nan da ya isa gida, maganarsa ta farko ita ce, "Kai, ina ka je? Me ka ci a jarrabawa?" Ai wannan tuhuma ce irin ta jandarma a shinge, kuma wanda aka tsare a shinge takarda kawai yake miƙawa, ba ya hira. A fara da abin da yaron yake so, ko da ƙwallo ne, a tambaye shi, a yi shiru ya gama. In ya cakuɗa Hausa da Faransanci da Mina kada a tsaya gyara masa a lokacin, a bar maganar ta fito tukuna.

Haka kuma mun san in an taya aka ce "albarka", ciniki bai mutu ba, yanzu ma aka fara. Yaro ya ce, "Baba ni fa ba na son sana'ar shanu, kanikanci nake so," ko ya ce yana son ya wuce BEPC ya ci gaba da karatu, to ya yi tayinsa ke nan. Uban da ya daka masa tsawa ya kori mai saye. Wanda ya ce, "To yarona, faɗa mini dalili, a ina za ka koya, wa ka gani ya yi ya ci riba?" shi ne zai ji gaskiyar abin, kuma ko a ƙarshe bai sallama ba, yaron zai dawo masa da wata maganar gobe. Mu da muka yi Islamiyya mun karanta a Suratus Saffati yadda Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya gaya wa ɗansa mafarkin da ya yi sa'ad da yaron ya isa tafiya aiki tare da shi, har ya nemi jin ra'ayinsa a kan al'amari mafi nauyi. Duk shekara ragon layya muke sayarwa saboda wannan ƙissa, ya kamata a ce mun fi kowa riƙe wannan darasi nata.

Inda kunya ta hana, a nemi dillali. Kowane gida ya san wanda yaro ke sake jiki da shi, ko ƙanen uba ne, ko malamin Islamiyya, ko wani amini a kara. A gaya masa a fili cewa an ba shi wannan amana. Amma sharaɗin dillali amana ne. Yaro ya faɗi cewa ya ci bashi a cacar ƙwallo ta waya, washegari ya ji an kai zancen majalisa ana dariya, wallahi an rufe bakinsa ke nan har ya yi gemu. Faɗa ma in ya kama, a yi shi a ɗaki, ba a gaban ƙannensa ko baƙi ba.

Kada a manta da 'ya'ya mata. Yarinya mai shekara 14 da ke zuwa talla ko taya uwa ciniki a Asigame tana ganin abubuwa a hanya, ana kuma gaya mata maganganu. Yawanci uwa ce ƙofarta, saboda haka maigida ya riƙa zama da uwargida ya ji me ake ciki, ba sai maganar aure ta taso ba. Shi ma kansa ya kira ta ya ce, "Uwata, zo ki lissafa mini kuɗin nan," ya tambaye ta karatu da ƙawaye. Yarinyar da ta saba magana da ubanta ba ta rasa inda za ta kai ƙara.

Shawararmu ga 'yan ƙungiya ita ce a maido da aikin da ke haɗa mu da su. In babban hutu ya zo, kowa ya ɗauki yaronsa zuwa Adetikope, wanda ya ga hanya da lafiya ya tafi da shi ɗauko kaya ko sau ɗaya. A ba shi abin da ya fi mu iyawa: karanta takardun duwan da na likitan dabbobi, rubuta bashi a littafi, tura kuɗi ta waya. Yaron da aka nuna masa ana bukatarsa bakinsa yana buɗewa, kuma a gaban mota, ido na kan hanya, magana ta fi sauƙin fita fiye da a tsugune gaban uba. Ranar da aka rasa za a iya mayar da kuɗinta, amma shekarun nan tsakanin 13 da 19 in sun wuce ba su dawowa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a nema, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.