Maganin tansiyo da ƙwayar barci: haɗin da ke kayar da dattawa da asuba

A tasha ko bakin kasuwa, daga Maradi har Damagaram da Tahoua, ba wuya a samu diazepam, wanda aka fi sani da Valium, a hannun masu tallar magani ba tare da takardar likita ba. Cikin masu sayensa akwai dattawa masu hawan jini da barci ya ƙaurace wa idanunsu. Sau da yawa kuwa, maganin tansiyon da suke sha ne ke hana su barcin.

Furosemide, wato Lasilix, da hydrochlorothiazide suna rage ruwan jiki ta hanyar fitsari. Wanda ya sha su da yamma zai kwana yana zarya bayan gida, shi ya sa ake ba da su da safe. Captopril da enalapril kan sa wasu busasshen tari mai naci, har da dare. Propranolol da danginsa suna rage bugun zuciya, suna sanyaya hannu da ƙafa, suna kuma rage melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi, har wasu su riƙa munanan mafarkai. Duk waɗannan likita na iya gyara su ta canza magani ko lokacin shansa.

Diazepam ba ya gyara ko ɗaya. Yana kwantar da ƙwaƙwalwa, mutum ya yi barci da wuri, amma yana rage barci mai zurfi wanda jiki ke hutawa a cikinsa. Yana kuma daɗewa a jikin tsoho fiye da kwana guda, ya wayi gari da nauyin kai da sakin gaɓɓai. Ga mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ƙwayar na iya tsananta matsalar.

Babban haɗarin yana wajen tashi. A cikin barci tansiyo kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Idan mutum ya miƙe, jijiyoyin jini kan tsuke nan take don jini ya isa kai. Maganin tansiyo na rage wannan saurin, ƙwayar barci kuma ta ƙara da jiri. Dattijo ya zabura don alwalar asuba, ido ya yi duhu, sai faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 gumi na zubar da ruwan jiki, abin ya fi muni.

Ma'aikatan lafiya na shawartar mai shan waɗannan magunguna ya zauna bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, ya kuma kai duk ƙwayoyinsa CSI a duba, har da na talla. Kada ya daina su kwatsam: yanke propranolol lokaci guda na iya tayar da bugun zuciya da tansiyo, yanke diazepam bayan an saba da shi kuma na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya.